Na'urar Riƙe Gudun Mota Da Hanyoyinmu Na Karkara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili domin in jawo hankalin masu motoci da hukumomin da abin ya shafa game da wata na'ura da ta fara zama ruwan dare a motocin da ke bin hanyoyinmu, wato wadda ke riƙe wa direba gudu ba tare da ya ɗora ƙafa a kan totur ba, wadda dillalan motoci ke kira kurus kwanturol. Ina zaune ne a wani ƙauye da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Wudil ta bi ta Gaya zuwa Shuwarin, na kuma daɗe ina tuƙi, saboda haka maganar ta shafe ni a matsayin direba, ta kuma shafe ni a matsayin uban yaran da ke tsallaka wannan kwalta kowace safiya zuwa makaranta.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Amurka mai suna Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana yaro, shi ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Chrysler kuma ya fara sanya ta a motocinsa a shekarar 1958. Inda ta fi amfani a can shi ne dogayen hanyoyin da aka killace, waɗanda ba a yarda mai tafiya a ƙasa ko dabba su hau ba. Yadda take aiki kuwa ba shi da wuyar fahimta. Direba zai kunna ta, ya kai motar gudun da yake so, ya danna maɓallin da aka rubuta SET a jikin sitiyari, sannan ya ɗauke ƙafarsa. Daga nan na'urar ce za ta riƙa ƙara wa inji mai ko ta rage, domin gudun ya tsaya inda aka ajiye shi. Da zarar an taka birki ko kuloci, ko an danna CANCEL, sai ta saki motar. A mafi yawan motoci ba ta ma kamawa idan gudun bai kai kimanin kilomita 40 a awa ba.

Aikinta ke nan, kuma iyakarsa ke nan. Irin wadda ke cikin yawancin motocin Camry da Corolla da Accord da ake shigo mana da su na hannu ba ta ganin abin da ke gabanta, ba ta juya sitiyari, ba ta kuma taka birki. Jakin da ya saba da hanya idan ya ga rami yakan ja ya tsaya ko da mai shi yana gyangyaɗi, amma wannan na'ura idan an ajiye ta a kan 100 to da 100 za ta shiga ramin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka direban da ya janye ƙafarsa nesa da birki, ya ɓata ko daƙiƙa ɗaya wajen mayar da ita, ya riga ya yi asarar tazarar da za ta iya raba shi da ɗaukar ran mutum.

Kwanakin baya wani matashi ɗan garinmu da ke aiki a birni ya rage mini hanya zuwa ɗaurin aure. Muna hawa shimfiɗaɗɗiyar kwalta sai ya danna maɓallin, ya cire takalminsa, ya naɗe ƙafar dama a kan kujera, ya waiwayo yana murmushi ya ce da ni, "Baba, ka ga motar zamani, ita ke tuƙa kanta." Ban saki ƙofar da na riƙe ba sai da na sa ya sauke ƙafar. Yaron ba shi da mugun nufi ko kaɗan, abin da wanda ya sayar masa da motar ya faɗa masa ne yake maimaitawa, kuma na tabbata akwai ire-irensa da yawa a kan hanya.

Duk wanda ya san hanyoyin Kano da Jigawa ya san cewa kwaltarmu ta kowa da kowa ce. Ranar Juma'a, da kasuwar Wudil ke ci, tun da asuba hanya ke cika da motocin shanu da 'yan acaɓa ɗauke da awaki da buhuna. Da kaka manoma kan shanya amfanin gona a gefen titi, amalanken shanu kan fito daga gona da magariba ba fitila ba komai, makiyaya kuma kan tsallaka da garke a inda suka ga dama. Da damina ruwa na kwanciya a kan kwalta, kuma a nan ne haɗarin ya fi muni, domin idan taya ta hau kan ruwa ta rabu da ƙasa, abin da direba ke bukata shi ne ya sassauta totur a hankali, alhali na'urar tana nan tana ba inji mai. Da hunturu kuwa hazo kan rufe ido har mutum ya kasa ganin motar da ke gabansa. Ko inda aka tagwaita hanya bai kamata a saki jiki ba, saboda ba a rasa mai babur da zai biyo hannun da ba nasa ba domin gudun zagaye.

Akwai wasu abubuwa biyu da na lura suna ruɗa direbobinmu. Motocin da aka yi domin kasuwar Amurka manyan lambobin malejinsu mil ne, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6. Direban da ya ajiye allura a kan 80 yana zaton bai keta doka ba, alhali gudun kusan kilomita 129 yake yi, dokar hanya ta Nijeriya kuma ta kayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Na biyun shi ne maɓallin RES, wanda ke mayar da mota kan gudun da aka ajiye a baya. Mutum zai rage gudu ya shigo ƙauye, ya danna shi tun bai gama fita daga cikin jama'a ba, sai motar ta zabura da kanta ta nufi gudunta na daji.

Ba ina cewa a cire na'urar ba ne. A kan busasshiyar hanya miƙaƙƙiya, da rana tsaka, inda babu gari babu cunkoso, tana hutar da ƙafa, tana iya rage shan mai, tana kuma hana direba zarce gudun da ya ƙudurta. Sai dai hutun nan shi kansa yana jawo barci ga wanda ya kwana bai runtsa ba. Wasu sababbin motoci suna da irin wadda ke aiki da rada, wato na'urar hango abin da ke gaba, tana rage gudu idan ta tarar da mota a gaba, amma masu ƙera su da kansu suna gargaɗin cewa ba kowane abu take hangowa ba, balle tunkiyar da ta faɗo titi daga cikin dawa.

Tushen matsalar a ganina shi ne motocin nan suna zuwa hannunmu ba tare da littafin bayaninsu ba, idan ma akwai shi to da Turanci ne, mai saye kuma ba ya samun komai daga dillali sai makulli da takardu. Shi ya sa za ka ga direba ya ji birkin ABS, wato wanda ke hana taya ƙullewa idan an taka shi da ƙarfi, yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa sai ya saki, yana zaton ya lalace, alhali a lokacin ne ya kamata ya ƙara dannewa. Wani kuma ya ƙi ɗaura bel saboda motarsa tana da jakar iska, bai san cewa jakar tana iya raunata wanda bai ɗaura bel ba.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun kafuwarta a 1988 wayar da kan direbobi ke cikin ayyukanta, da ta sanya wannan batu a faɗakarwar da jami'anta ke yi a tashoshin mota da gidajen rediyon Kano da Dutse, da harshen Hausa, tare da nuna maɓallan a jikin mota. Makarantun koyon tuƙi su koyar da yadda ake kunna na'urar da kashe ta kafin su sallami ɗalibi. Dillalan motoci kuma su daina gaya wa masu saye cewa mota tana tuƙa kanta, su ɗauki 'yan mintoci su nuna musu ko malejin mil ne ko kilomita. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu su ja kunnen 'ya'yan ƙungiyarsu cewa kada wanda ya kunna ta cikin ruwan sama ko hazo ko dare, ko kuma a kusa da gari da kasuwa.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Gaya, Jihar Kano.