Ƙazantar da ido ba ya gani ce ke cinye magniziyam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in gyara wata magana da ta zama ruwan dare a bakin makanikai, wai magniziyam ƙarfen banza ne, da ya ga ruwa sai ya rube. Sau da yawa laifin na abin da aka narka tare da shi ne.

Ana son magniziyam saboda rashin nauyi: kusan kashi biyu cikin uku na nauyin alminiyum. Shi ya sa ake yin ƙashin sitiyari da akwatin giyar mota da jikin kwamfutar tafi-da-gidanka da shi. Jikin injin tsohuwar Volkswagen Beetle ma shi ne.

Maƙiyansa uku ne: baƙin ƙarfe, nikel da jan ƙarfe. Idan suka yi yawa, sukan taru su zama 'yan ƙwayoyi a cikinsa. Da ruwan gishiri ya taɓa wurin, kowace ƙwaya ta zama ƙaramin batir: iskar haidirojin na tashi a kanta, magniziyam da ke kewaye da ita na narkewa. Haka ramuka ke somawa. Tun 1942 wani masani mai suna Hanawalt da abokan aikinsa na kamfanin Dow a Amurka suka nuna cewa akwai iyaka. A tsantsar magniziyam, baƙin ƙarfe na wuce giram 170 a tan ɗaya, sai zaizayar ta haura ninki-ba-ninki.

A dubi AZ91, haɗin magniziyam da ke da alminiyum kashi 9 cikin ɗari da tutiya kusan kashi 1. Samfurin AZ91D bai yarda baƙin ƙarfe ya wuce giram 50 a tan ba, nikel 20, jan ƙarfe 300. Tsohon AZ91B kuwa yana ɗaukar jan ƙarfe har giram 3,500. Suna kusan ɗaya, amma a gwajin feshin gishiri tazararsu ba kaɗan ba ce.

Baƙin ƙarfe yana da magani. Ana zuba manganis a narkakken ƙarfen, ya kama shi, a sassauta zafi, su kwanta a gindin tukunya a kwashe. Ƙa'idar ita ce kada baƙin ƙarfe ya wuce kashi 3.2 cikin ɗari na yawan manganis. Nikel da jan ƙarfe fa, in sun shiga sun shiga, sai dai a tsarma da sabon ƙarfe. Don haka ba a narka magniziyam a tukunyar da aka yi da ƙarfe mai nikel, kuma dole a cire bushin na tagulla da duk abin da aka shafe da nikel kafin a sake narka tsofaffin kaya.

Ko bayan zubi ana ɓata shi. Burushin waya na baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi a fatarsa, noti na ƙarfe ba tare da washa ta alminiyum ba kuma yana cin gefen raminsa.

Masu zubin tukwanen alminiyum su ma su kula, kada magniziyam ya shiga cikin tsofaffin kayan da za su narka: a kankare jikin ƙarfen, a ɗiga ruwan khal a wurin. In ya yi kumfa, magniziyam ne, a ware shi, domin in ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ake rufe shi da shi.

Naku,
Wani injiniyan ƙarafa, Kaduna