Kar ku saki takardun nan tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya sanyin Barsalona? Ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai a bakin Kawu nake jin wai wata mai zuwa za ku saki takardun tambayoyin nan da kuka fassara zuwa Sifaniyanci, na binciken abin da mutane ke ji in sun sha magungunan da ke sauya hayyaci. Don Allah ka dakata.

MEQ30, wato takardar tambayoyi 30 mai auna halin ruhi da mutum ya shiga lokacin da maganin ke aiki, da 'yan Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka tantance a 2015, ɓangare huɗu ce: tambayoyi 15 kan jin haɗewa da komai da jin tsarkin abin, 6 kan farin ciki, 6 kan ɓacewar lokaci da wuri, 3 kacal kan kasa faɗin abin da baki. Ukun nan ne damuwata. In ɗaya ta karkace a fassara, ɓangaren ya rushe, ga shi sai mutum ya samu kashi 60 cikin 100 a kowane ɓangare kafin a ce ya kai cikakken halin ruhin da take aunawa. Don haka mutum biyu su fassara ta daga Turanci, kowa shi kaɗai. Na uku, wanda bai taɓa ganin asalin ba, ya mayar da ita Turanci, a zauna a daidaita. Sannan ka zaunar da mutane ɗaya bayan ɗaya, su karanta a bayyane, su gaya maka abin da suka fahimta. Kar duk su zama ɗaliban Madrid. Wanda ya sha ayahuasca, wani tsimi mai sauya hayyaci, a Peru da wanda ya ci laimar kwaɗi mai bugarwa a Oaxaca ta Meziko ba iri ɗaya suke maganar ruhi ba. Kai da Sakkwatanci ma ke ba ka wuya, ai ka san zancen!

Af, an sa ranar auta, bayan Sallah. Hajiya ta ga hotonka, ta ce ka rame, ko ba a tuwo a can?

Ita WEMWBS, takardar auna walwalar zuciya, an riga an tantance ta a Sifen, ku nemi izinin Jami'ar Warwick ta Ingila kawai. Tambayoyi 14 ne, maki 14 zuwa 70, kuma kan makonni biyun da suka wuce take tambaya. In kun maimaita ta kwana uku bayan shan maganin, kun cakuɗa kafin da bayan. MEQ30 kuwa a cika ta da zarar maganin ya saki mutum, kafin labarin ya sauya a bakinsa.

Ku nemi aƙalla mutum 300, goma ga kowace tambaya ta MEQ30, alfa kuma, wato ma'aunin yadda tambayoyin ke tafiya tare, kar ta gaza 0.70. A intanet waɗanda suka ji daɗi ne ke rububin amsawa, sai ku nemo waɗanda suka sha wuya.

Turo mini daftarin. Ka gaida maigidanka.

Naka har kullum.