Zuwa Ga Ɗana, Kan Sunan Da Ya Raɗa Wa Kansa

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan karatu na tafiya daidai. Kowa lafiya a gida, ƙafar Hajiya ma da sauƙi.

Yayarka ta nuna mini abin da ka rubuta a Facebook, inda ka kira kanka "niyokon". Na gane kana zaton kalmar na nufin matashi mai riƙo da addini da tarbiyyar iyaye. Ba haka take ba, kuma wanda aka tura Amurka karatun kimiyyar siyasa bai kamata ya yi wannan tuntuɓen ba.

Cikakkiyarta neoconservative. "Neo" Girkanci ne, ma'anarsa sabo, ragowar kuma ɗan ra'ayin mazan jiya. Wato sabon shiga, wanda ya sauya sheƙa. Da gori aka fara ta: Michael Harrington, ɗan gurguzu, shi ya yayata ta a 1973 a mujallar Dissent, yana yi wa tsofaffin abokan tafiyarsa habaici. Irving Kristol ya karɓi gorin ya naɗa shi rawani. Shi kansa mabiyin Trotsky ne, jagoran gurguzun nan na Rasha, lokacin yana ɗalibi a City College ta New York, ƙarshen shekarun 1930. A 1965 shi da Daniel Bell suka kafa mujallar The Public Interest, kuma damuwarsu ta cikin gida ce: shirye-shiryen yaƙi da talauci na Shugaba Lyndon Johnson, waɗanda suke ganin kyakkyawar niyya ce mai haifar da abin da ba a zata ba. Bell dai bai yarda da sunan ba.

Daga baya magana ta koma harkar waje. Yawancinsu 'yan Dimokurat ne masu bin Sanata Henry Jackson wajen tsananta wa Tarayyar Sobiyat. Da jam'iyyar ta tsayar da George McGovern a 1972 suka fara ja da baya, daga baya Shugaba Ronald Reagan na jam'iyyar Rifablikan ya kwashe su. Ɗaya daga cikinsu, Jeane Kirkpatrick, ta yi rubutu a mujallar Commentary a 1979, a 1981 ta zama jakadiyar Reagan a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ga inda barcina ya ƙaurace. A 1997 William Kristol, ɗan Irving, da Robert Kagan suka kafa ƙungiyar PNAC, mai rajin Amurka ta jagoranci duniya. A 1998 ta rubuta wa Shugaba Clinton cewa a kawar da Saddam na Iraƙi, kuma cikin masu sa hannu har da Paul Wolfowitz, wanda shi ne mataimakin sakataren tsaro lokacin da aka afka wa Iraƙi a Maris ɗin 2003. Makaman ƙare dangin da aka fake da su ba a same su ba. Aka rushe sojan ƙasar a watan Mayu, aka bar dubban masu iya bindiga ba albashi. Iyayen tafiyar, su Irving, sun ce gwamnati ba ta iya gyara unguwa ɗaya da tsarin kan takarda, 'ya'yan suka ɗauka za su ƙera ƙasa sukutum da tankar yaƙi. Yau duk wanda ya ji sunan nan, Bagadaza yake tunawa. Shi ka ɗora wa kanka, da hotonka da sunan gidanmu a sama? Abin da aka sa a intanet ba ya ruɓewa, Abba. Wata rana mai ɗaukar aiki ko surukinka zai tono shi. Ban sayar da filin bayan gari don ka riƙa ɗaukar kalma a bakin hanya kana yafawa ba.

Kada kuma ka juya ka mai da kalmar zagin Yahudawa kamar yadda wasu ke yi, don kawai wasu jagororin tafiyar Yahudawa ne. Kirkpatrick da Jackson ba Yahudawa ba ne.

Na san zuciyarka, abin kirki ka nufa. Ka goge rubutun yau, ka kira ni ranar Juma'a bayan sallar isha'inmu. Hajiya ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka