Sanarwa Kan Muryar Masunta a Ruwan da Ƙasashe Suka Haɗa

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Kifi bai san iyakar ƙasa ba. Yakan zuba ƙwai a gaɓar wata ƙasa, ya girma a ruwan wata. Shi ya sa ƙasashen da suka haɗa tafki ko teku suke zama su yanke yawan abin da za a kama, girman idon raga da watannin hana kamun kifi. Abin da ke damuna shi ne jami'ai da ƙwararru ne kawai ke wannan zaman. Masunci kuwa sau da yawa sai ranar da aka ƙwace masa raga yake jin an yi doka, alhali shi ya san lungun da kifi ke hayayyafa.

Muna da madogara. A 2014 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta amince da ƙa'idojin kare ƙananan masunta, waɗanda suka nemi a riƙa damawa da su wajen yanke shawara. A Tafkin Biktoriya, Kenya da Uganda da Tanzaniya sun kafa hukumar haɗin gwiwa kan harkar kamun kifi a 1994, daga baya aka samar da kwamitocin gaɓa da masunta ke zaɓen shugabanninsu. Sai dai a kula, in an yi sake masu manyan jirage ne za su mamaye kujerun, mata masu sarrafa kifi a bar su a waje.

Don Allah kowa ya turo saƙon murya: wace doka ce ta fi takura muku, kuma a waɗanne watanni kifi ke ƙwai a wajenku? Za mu haɗa su a rubuce kafin mu zaɓi wakilan da za su kai muryarmu wajen masu yanke shawara.