Dan Allah a daina yi wa bodin alminiyom aikin ƙarfe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu fenti da masu gyaran bodi a nan Kaduna, da su kansu masu motocin, kan wani abu da yake ta jawo mana rigima da kwastomomi a gareji.

Motocin da ake shigo mana da su yanzu ba irin su Fijo 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kakuri ba ne, waɗanda jikinsu ƙarfe ne, iyayen gidanmu suka koya mana aiki a kansu. Yanzu sai ka ga mota bonet ɗinta alminiyom ne, wata har da fenda, kamar Marsandi E-Class, wata ma bodin kusan gaba ɗaya, irin su Range Rover daga 2013 da Ford F-150 daga 2015. Kuma da yawansu daga Amurka da Kanada suke, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, to tun can cutar ta shiga ƙarƙashin fenti, mu dai a hannunmu take bayyana.

Shi alminiyom ba ya jan tsatsa, shi ya sa mutane ke cewa ai ba ya lalacewa. Yana yi wallahi. Za ka ga fenti ya ɗan kumbura a bakin bonet ko gefen ƙofa, wani lokaci ya yi zare-zare kamar hanyar gara a jikin bango, in ka sa farce ka ɓantare sai ka tarar da farin gari a ciki, wajen ya yi ƙananan ramuka. To a nan ake yin ɓarnar. Yaro zai ɗauko sanfefar da ya gama goge tsohuwar Golf da ita yanzun nan, ko burushin waya na baƙin ƙarfe, ya dirje wajen ya ga ya yi ƙyalli, ya shafa bodi fila (abin cike ramuka) ya fesa kala, mota ta fito tana sheƙi mai ita ya biya yana murna, amma burbushin ƙarfen nan ya riga ya nutse cikin alminiyom ɗin, kuma duk inda ƙarfe ya haɗu da alminiyom ga danshi to alminiyom ɗin ne zai ci gaba da cinyewa. Damina ɗaya ta isa, fenti ya sake tashi a daidai wurin, mutum ya dawo yana cewa an cuce shi, kuma gaskiyarsa ce.

Aikin ba wani mai wahala ba ne, tsafta yake so da haƙuri. Kafin komai ka ɗora mayen ƙarfe a jikin, in bai kama ba kuma ba roba ba ce ka san da me kake aiki. Sanfefa sabuwa, burushi na sitenles wanda ba a taɓa kai shi kan ƙarfe ba, a ware su daban. A goge har sai farin garin nan ya fita tas daga cikin ramukan, a wuce iyakar kumburin kaɗan don yakan yi rarrafe ƙarƙashin fentin da kake gani lafiya lau. A wanke maiƙo. Sannan abin da aka fi sakaci da shi, kar a bar wajen tsirara a tafi cin abinci a dawo gobe, domin da iska ta taɓa shi yake sake yin wata 'yar fata da ke hana fenti kamawa da kyau. Nan take a sa firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, irin tasa, ko ecin firaima ko ta ifoksi, ba wadda muka saba yi wa ƙarfe ba. Ni na fi yarda da ifoksi in za a sa fila a kai, ecin firaima ba ta shiri da fila.

Masu son kai wuta kuma su yi hattara, ƙarfe yakan yi ja ya gargaɗe ka, shi kuwa alminiyom ba ya canja kala, yana kai wajen digiri 660 na ma'aunin Celsius sai dai ka ga ya narke ya bar maka rami.

Alhazai masu motoci ku ma da naku. In mai fenti ya ce aikin bonet ɗin nan zai fi tsada kuma sai an ba shi lokaci, ba ƙwaruwa ba ce, kayan ne da tsada, ga ƙurar hunturu da ba ta bari a yi fesa a fili yadda ake so. Matsa masa da "yau nake son abata" shi ke sa a yi muku shafe-shafe.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu ta masu gyaran motoci, NATA, da Kaduna Polytechnic da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan garin, su shirya mana bita ta musamman kan gyaran alminiyom, da Hausa, a cikin Panteka ko a garejinmu inda yara masu koyo za su gani da idonsu su kuma riƙe kayan da hannunsu. A shirye muke mu zo, har mu ba da fili da bonet ɗin gwaji.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai fentin mota, Tudun Wada, Kaduna