Godiya ga Mai Shagon Gyaran Kwamfuta na Samaru da Yaransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Injiniya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Na so in yi maka wannan godiya baki da baki ranar da na zo karɓar kwamfutata, sai na tarar shagon cike, ɗalibai har bakin ƙofa, kowa da jakarsa a kafaɗa. Shi ya sa na ga gara in rubuto ta inda jama'a za su gani. Ka roƙe ni kada in ambaci sunanka, to na cika alkawari. Amma duk mai bin titin Samaru ta gaban Jami'ar Ahmadu Bello ya san shagon da nake nufi, mai dogon benci a waje da ƙaramin janareta a gefen ƙofa.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Tudun Wada, ina kuma karatun digiri na biyu. Shekara 3 na yi ina shiga ƙauyukan Giwa da Soba da Kudan, ina naɗar waƙoƙin daka da na niƙa daga bakin tsofaffin mata. Biyu daga cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Muryoyinsu da babi huɗu na kundina duk suna cikin kwamfutar nan ta gwanjo da na saya a 2021, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Ka ga ke nan abin da na rungumo zuwa shagonka ya wuce ƙarfe da roba.

Ta daɗe tana ba ni wahala. In na kunna ta da asuba, sai in ɗora ruwan shayi, ya tafasa, in dawo in tarar ba ta gama buɗewa ba. Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, gindinta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Ana cikin haka saƙo ya riƙa fitowa cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, wato babu sauran gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Na san dole a taɓa ta, amma tsoro ya hana ni. Wata abokiyar aikina ta taɓa kai tata wani wuri, kafin ta dawo daga sallar azahar an yi mata fomatin, sakamakon ɗalibai na zango biyu da hotunan bikin 'yarta suka tafi. Da ta yi magana aka ce ai ba ta faɗa ba.

Kai kuwa ko sukurudireba ba ka ɗauka ba sai da ka tambaye ni: “Hajiya, mene ne a cikinta wanda in ya ɓace ba za a sake samun sa ba?” Wallahi tambayar nan ita ta fara kwantar mini da hankali. Ka sa ƙaramin yaronka, mai farar hula, ya jona faifan ajiya na waje ya kwashe komai, yana rubuta sunan kowace jaka da yawan fayilolinta a littafin makaranta. Da ya gama ya miƙo mini abin saƙala wa kunne ya ce, “Mama, ki zaɓi duk wadda kike so ki saurara, daga wannan faifan, mu tabbatar.” Na zaɓi waƙar wata tsohuwa ta Soba. Ina zaune a kan bencinku, babura na wucewa, na ji muryarta tar, har da ƙarar taɓarya da kukan zakara a bayan gidanta. Sai da na share hawaye kafin na ce masa ya yi.

Daga nan ka buɗe wata manhaja ta Microsoft mai suna PC Health Check, ta ce kwamfutar ba ta cancanci Windows 11 ba. Gabana ya faɗi, don na riga na fara lissafin kuɗin sabuwa. Da kana cikin masu neman nasu kawai, ai ka samu dama, ga kwamfutoci jere a kantarka. Sai ka ce in dakata. Ka yi mini bayani cewa Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa: RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi, aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, firoseso, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in na kamfanin Intel ne daga ƙarni na 8 zuwa sama, sai wani abu da ake kira TPM 2.0. Ka kwatanta mini shi da ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ke cikin kwamfuta, inda take ɓoye makullan sirrinta. Tawa Core i5 ce ta ƙarni na 8, ta tsallake da kyar ke nan, TPM ɗin ma tana da shi, a kashe kawai yake a cikin BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar. Ka shiga ka kunna, ka sake gwadawa, ta amsa. Ka kuma gaya mini cewa tunda lasisin Windows 10 ɗina na gaskiya ne, hawa Windows 11 kyauta ne, ba za ka caje ni kuɗin lasisi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka yaudare ni da cewa sabuwar manhaja ce maganin rashin saurinta ba. Ka ce in aka ɗora ta a kan yadda kwamfutar take, sai dai ma ta ƙara nauyi. Ka buɗe Task Manager ka nuna mini da yatsa: faifan ajiya ya tsaya cak a kashi 100, alhali ban buɗe komai ba. Tsohon faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai bin sa yana laluben bayanai, shi kuwa SSD, sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ba ya ɓata lokacin lalube. Ka sa mini SSD mai giga 256, ka ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8. Da na ce ko a kai 16, ka ce rubutu da sauraron murya ba su bukatar haka, in riƙe kuɗina in biya na ɗaurin kundi.

Da kuka kwance bayanta kuwa, abin da ya fito daga bakin fanka har yanzu yana idona: dunƙulen ƙura ja-ja, ta haɗu da zare ta zama kamar guntun bargo, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Hunturun Zariya na shekara huɗu ke nan a wuri guda. Man da ke tsakanin firoseso da ƙarfen sanyaya shi ya bushe kamar ƙanzo. Babban yaronka ya kankare shi a hankali ya shafa sabo, kai kuma kana gaya mini cewa in firoseso ya yi zafi da yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka kuma gano manhajojin kashe bairos guda biyu da wani ya taɓa sa mini, kowace na binciken 'yar'uwarta, ga wasu manhajoji 17 da ke tashi tare da kwamfuta tun kafin in ce bismillah. Da ka ɗora Windows 11 a kan sabon faifan ba ka mayar da ko ɗaya ba, ka ce mai tsaron da ke cikin Windows ya wadatar muddin ina barin ta tana sabunta kanta.

Yanzu sai maganar da ta sa na ce lallai sai malaman Hausa sun ji labarinku. Kundina na buga shi ne da tsohon salon harafin nan da masu buga Hausa suka daɗe suna amfani da shi, wanda ke ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu alamomi na kibod. Duk wanda ya taɓa karɓar takarda ya ga “}asa” a maimakon “ƙasa”, ko “]aya” a maimakon “ɗaya”, ko “~arna” a maimakon “ɓarna”, ya san ciwon. Salon harafin ne babu a kwamfutar da aka buɗe takardar. Ni ban ko tuna da wannan ba, kai ne ka buɗe babi na ɗaya ka lura, ka kwafe salon harafin tun kafin a cire tsohon faifai. Ba ka tsaya nan ba, ka ce wannan rufa-rufa ce, ranar da na aika wa mai duba ni kundin matsalar za ta dawo. Ka sanya mini kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows, ka nuna mini yadda zan riƙe Alt na dama in danna k in sami ƙ, haka ɗ da ɓ. Sannan muka zauna, ka koya mini yadda ake sa Word ta nemo kowace tsohuwar alama ta musanya ta da harafin gaskiya, babba da ƙarami, ɗaya bayan ɗaya, kana ja mini kunne in duba wuraren da na yi amfani da alamar baka ta ainihi kada ita ma ta canza. Yanzu ko a waya aka buɗe rubutuna, ƙ tana nan ƙ. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya kamata a ce kowane shagon kwamfuta ya san wannan, amma ni dai a naku na fara ganin wanda ya damu da shi.

Ban manta da takardar da ka rubuta mini ba, mai lambobi 48 na buɗe BitLocker, wato kwaɗon da Windows ke kulle faifan ajiya da shi, da gargaɗin kada in ajiye ta a jaka ɗaya da kwamfutar. Tana cikin akwatin takardun gida. Tsohon faifan ma ba ku goge shi ba, kun sa shi a ɗan gida mai wayar USB kun ba ni, don haka muryoyin tsofaffina yanzu suna wuri biyu.

Sai tsohuwar kwamfutar tebur ta maigidana, da na kawo daga baya. Ka duba ka ce firosesonta na ƙarni na 4 ne, ba ta cika sharaɗi ba. Ka faɗa mini gaskiya cewa akwai dabarar tilasta mata Windows 11, kuma wasu na yi, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyaran tsaro ba. Ka ba da shawarar Linux Mint da LibreOffice a maimakon Windows da Word, tunda yara ne ke koyon buga rubutu da ita. Maigidan ya amince, yana kuma gaishe ka.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma na 'yar'uwa ne. Kun ce kwana biyu, ya zama uku saboda rashin wuta, ba a kuma kira ni ba sai da na hau Keke daga Tudun Wada na bi ta Kwangila na iso. Kira ɗaya da ya hutar da ni. Ina kuma roƙon a samar da kujera ko biyu daga ciki don mata masu jira, bencin waje rana na dukan sa da hantsi.

Yau kwamfutar na buɗewa kafin in gama gyara zama, fankar ta yi shiru, na kuma kammala babi na biyar. Allah Ya sa albarka a sana'arka, Ya buɗa maka ta hanyar halal, Ya raya yaran nan biyu su ma su buɗe nasu. Ranar Asabar in sha Allahu ɗana zai sake kawo kwamfutar tebur ɗin, akwai kuma malamai uku na makarantarmu da suka ce za su biyo shi da nasu kundayen, duk masu matsalar haruffan nan ne, don Allah a ware musu lokaci.

Wassalam.

Taku,
Malamar Hausa,
Tudun Wada, Zariya.