Wasiƙa Kan Tangaran Mai Ganyen Shayi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya sanyin Ohio? Mu ma nan Stoke-on-Trent ta Ingila ruwa bai bar mu mun sarara ba, amma alhamdu lillahi.

Hotunan tangaran ɗin da ka saya a kasuwar tsofaffin kaya sun iso, kuma na ji daɗinsu ƙwarai. Ka tambaye ni ko butar shayin da kofin da farantin duk 'yan gida ɗaya ne, tunda kowanne fari ne mai nauyi, da zane mai ƙyallin jan ƙarfe. Ba 'yan gida ɗaya ba ne, kuma ina ganin tsakanin babbansu da autansu za a yi shekara talatin ko fiye. Shawarata ita ce ka fara duba ƙirar jikin abu kafin zanen da ke kansa. Ganyen shayin nan masana'antu da dama sun zana shi, shekara da shekaru, ita kuwa ƙira kowane zamani da tasa.

Wannan irin tangaran ana kiransa ironstone. A nan yankin Staffordshire Charles James Mason ya yi masa rajista a 1813. Abin da ya ɗaga shi ƙwari ne: yana jure tafiyar jirgin ruwa da ta keken doki, shi ya sa aka yi ta lodinsa zuwa Amurka. Ba kamar tangaran ɗin jeren iyayenmu mata ba, da ake gogewa a mayar ma'ajiya, wannan a cikinsa manoma ke cin abinci safe da yamma. Zanen da ake kira Tea Leaf, wato ganye uku da ɗan toho, Anthony Shaw na Burslem, a nan cikin Stoke-on-Trent, ake danganta wa farawa da shi, cikin shekarun 1850. A garin da aka yi shi ma ba ka cika ganinsa kamar yadda kuke gani a can ba.

Mu fara da kofin, don shi ya fi burge ni. Ba shi da mariƙi, kuma ba karyewa ya yi ba, haka aka yi shi. Dubi jikinsa, ai ba zagayayye ba ne sumul, fuska-fuska gare shi. A shekarun 1840 da 1850 abin da ake yayi ke nan: jiki mai kusurwa shida ko takwas, da kauri. Da aka shiga shekarun 1860 sai jiki ya koma zagayayye, aka riƙa fito da zangarniyar alkama da furanni da ganyaye a jikin yumɓun kansa; ƙirar Ceres ta Elsmore & Forster, ta 1859, ita ce ta fi shahara a cikinsu. Daga baya adon ya ragu, har aka kai shekarun 1880 da kaya suka zama masu kusurwa huɗu, marasa kwalliya, kuma ba su kai na da nauyi ba. Ina sa kofinka a rukunin farko. Kada ka damu da rashin hatimi a gindinsa, kofuna da yawa ba a buga musu.

Butar kuwa ba ta da wuyar ganewa. Jikinta mai kusurwa huɗu ne, mariƙinta da maɗaukin murfinta an yi su gaɓa-gaɓa irin na gora. Ƙirar Bamboo ke nan ta Alfred Meakin na Tunstall, wanda ya fi kowa yawan fitar da mai ganyen shayi. Idan ka kifa ta ka ga kalmar England ƙarƙashin sunansa, to galibi daga 1891 ne zuwa sama, domin dokar harajin McKinley ta 1890 ce ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito kafin su shiga Amurka. Kyakkyawa ce, amma irinta na da yawa, kada wani ya tsuga maka kuɗi idan za ka nemo mata 'yan'uwa.

Farantin ne ya sa na daɗe ina kallo. Abin da ke tsakiyarsa ba ganyen shayi ba ne, fure ne buɗaɗɗe da ganyensa. Ya fi kama da Morning Glory na Elsmore & Forster. Akwai dangi irin haka da yawa, su Pepper Leaf da Tobacco Leaf, da Teaberry na Clementson, kuma masu sayarwa kan haɗa su duka su kira su suna ɗaya. A hotonka na hango wata alama a gindinsa, murabba'i da ya tsaya a kan kusurwarsa, da IV a samansa. In dai ita ce, to alamar rajista ce da aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, kuma haruffa da lambobin da ke kusurwoyinta suna ba da rana da wata da shekara. Sai dai ranar da aka yi wa ƙirar rajista ce, farantin kansa yana iya zuwa bayanta da shekaru.

Wani abin da nake so ka sani game da ƙyallin: launin jan ƙarfe gare shi, amma daga ɗan ruwan zinariya ake samunsa, a shafa shi siriri a kan zane mai ruwan ƙasa, a sake gasawa. Da hannu ake yi, shi ya sa ba za ka sami ganye biyu iri ɗaya sak ba. Inda ka ga ƙyallin ya goge, ruwan ƙasa ya bayyana, hannun mutane ne da wanki na shekaru, kuma ni hakan na ƙara mini son abin. Fasahar sa wa tangaran ƙyalli ta girmi Ingila nesa ba kusa ba. A Iraƙi aka fara ta zamanin Abbasiyawa, a ƙarni na 9, ta wuce Masar da Farisa da Andalus, ko da yake su da azurfa da jan ƙarfe suke yi, cikin hayaƙin matoya.

Ka yi hattara da sababbi. Kamfanin Red Cliff na Amurka da Adams na Ingila sun sake yin mai ganyen shayi wajen shekarun 1960, kuma hatiminsu na nunawa. Haka kuma idan ka ga Wedgwood & Co., ba gidan shahararren mai yin tangaran nan Josiah Wedgwood ba ne, wani kamfani ne daban a Tunstall.

Don Allah ka gaya wa Hajiya kada a sa su a injin wanke kwanuka, kada kuma a jiƙa su a bilic don cire dattin tsagun nan, yana shiga cikin yumɓun ya ɓata shi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ka sake ɗauko mini gindin farantin a hasken rana, kusa-kusa, yadda haruffan za su fito, sai in karanta maka shekarar.

A gaishe mini da Hajiya da yara da duk 'yan'uwa na can. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka